Mai Shara Ba Ta San Gidanmu Ba

Litinin, da hantsi

Kogi ya ƙaru. Ban je na gani ba, allon ofis ne ya gaya mini, shi kuwa ba ya ƙara wa magana gishiri.

Bari in rubuta yadda aikin nan yake, tunda duk sanda Baba ya tambaye ni sai in ce masa "harkar kwamfuta ce" in wuce. A bakin kogi, tun daga can sama cikin duwatsu har zuwa gadar cikin gari, muna da tashoshi. Kowace tasha ɗan ɗaki ne, da saba a ciki, wato kwamfutar da ke kula da ita, da ma'aunin ruwa a waje. In ruwa ya kai jan layi, sabar sai ta tura saƙo zuwa wayoyin mutanen da ke kusa da ita, kowa da sunansa, cewa ruwa na zuwa, a fita. Ni nawa aikin shi ne in tabbatar kowace saba ta san abin da ake so da ita.

Ba bin su nake ɗaya bayan ɗaya ba. Fayil guda ne a nan ofis, a ciki muke rubuta yadda muke son kowace ta kasance. Akwai kuma manhajar da ke zagayawa, ta leƙa kowace saba, ta gwada ta da abin da ke rubuce, in ta ga bambanci ta gyara ta wuce. Dogo, abokin aikina, shi ya raɗa mata Mai Shara. Sunan ya bi ta, har Injiniya shugabarmu, da ba ta son wasa, haka take kiranta.

Yau layi ɗaya na ƙara: idan tasha da hasken rana take aiki, ta rage yawan magana da ofis in batirinta ya yi ƙasa. Na danna, na zauna ina kallo. Tashoshi suka riƙa komawa kore a allo, har waɗanda ban taɓa taka ƙafata wajensu ba. Masu wutar gari kuwa ta tsallake su, ba tare da kowa ya nuna mata ba. Na daɗe a aikin nan, amma wallahi har yau tsigar jikina tashi take. Mutum na zaune a kujera ya rubuta "idan", wani ƙarfe a bayan dutse ya ji, ya duba kansa, ya ga ko da shi ake.

Dogo ya ce, "Malama, rufe bakin nan kar ƙuda ya shiga."

Litinin, bayan la'asar

Na biya wajen Baba. Ya share tsakar gida, ya ba shukokin ruwa, ya jona wayar a caji kamar kullum. Wayar Umma nake nufi. Tasa tana cikin durowa a kashe tun lokacin da mutane suka yi ta kiran ta'aziyya, ya ce kunnensa ya gaji.

Na ce masa kogi na ƙaruwa, ya zo ya ɗan zauna wajenmu a bene, maigidana ya riga ya gyara masa ɗaki. Ya ce, "Uwata, a gidan nan aka haife ki. Ruwa bai taɓa wuce dokin ƙofar nan ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma a lokacin babu sabon titi. Da, in kogi ya cika, fili yake bi ya baje. Yanzu an ɗaga titi a tsakanin unguwarmu da filin, unguwa ta koma kamar kwano. Na yi masa bayanin nan har da zane a ƙasa. Ya kalli zanen, ya ce hannuna ya fi na Umma kyau, ya tambaye ni ko zan sha shayi.

Laraba, da dare

Dogo ya kawo nasa sharaɗin yau. Ya ce lambobin da ke jerinmu sun yi yawa, rabinsu an yar da layukan, ranar da ake gaggawa sai su tsaya wa masu rai a gaba. Ya rubuta: idan waya ta kasance a kunne cikin makon nan, a tura mata, in ba haka ba a tsallake. Na duba masa, na sa hannu. Ya yi ta kumbura kamar shi ya haƙa kogin.

Abin da na fi so a fayil ɗin nan shi ne gurabe. Ba ma rubuta wa kowace tasha nata daban. Sai mu bar gurbi mai suna, kowace ta cike da abin da ya shafe ta. Gurbin sunan tasha, gurbin irin wuta, gurbin jan layi. Saƙon ma haka yake, jimla ɗaya ce da gurbi a farkonta, amma in ta fita sai ta zama dubbai, kowace ta je ta kira mutum da sunan da uwarsa ta san shi. Wani lokaci nakan buɗe ta in yi ta kallo ba gaira ba dalili.

A tashar gada, wadda ke lura da unguwarmu, gurbin jan layi mita shida ne. Tun kafin titi aka sa shi.

Na je da yamma na haɗa wa Baba jaka. Riguna, magani, tabarau. Na ajiye bayan ƙofa.

Alhamis, da safe

Ya kwashe kayan, ya mayar da kowane inda yake. Jakar ma ya ninke ta.

Asabar, da yamma

Na je gada da ƙafata. Ikon Allah! Ni da nake ganin ruwan nan kullum a allo, lamba ce kawai tana hawa. Ashe ga abin da lambar ke nufi. Ja wur yake, ba ya hayaniya, yana tafiya da faɗinsa kamar ba shi da abokin shawara. Na ga bishiya sukutum da saiwarta ta wuce ƙarƙashin ƙafafuna, da tsuntsaye zaune a kai ko a jikinsu. Gadar tana rawa kaɗan kaɗan in mutum ya dafa ƙarfe. Na tsaya har na manta abin da ya kawo ni. Tsoro na ji, amma ban iya ɗauke ido ba.

Daga kan gadar ana hango rufin gidanmu. Ban taɓa lura ya yi ƙasa haka ba. Kafin ruwa ya kai shida a nan, ya riga ya shiga ɗakin Umma.

Na tsaya wajen Mai shago, maƙwabcin Baba. Ya ce duk layin saƙonmu suke jira, ba wanda zai bar gidansa don jita-jita. Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Saƙo na shigowa, ko a kafaɗa ne zan saɓo Baba. Ni dai kar ku bari ya makara."

Kar mu bari ya makara.

Litinin, da hantsi

Muna da doka a ofis, ni ma ina cikin waɗanda suka kafa ta. Ba wanda ke taɓa fayil shi kaɗai. Sai ka tsaya a taron safe ka faɗi abin da za ka canza da dalilinsa, wani ya duba, Injiniya ta amince. Jan layi kuwa ya fi komai tsanani, don in aka tashi mutane a banza sau ɗaya, ranar gaskiya ba za su motsa ba.

In na tsaya a taro zan ce me? Zan ce Baba. In na ce Baba za a ce me ya hana shi tashi. Daga nan sai in faɗi sauran, a gaban mutane, da kofin shayi a hannun kowa.

Da suka fita cin abinci na shiga sabar gada kai tsaye, ta bayan gida, ban bi ta fayil ba. Na goge shida na sa biyar. Na rufe allon da sauri kamar na ɗauki abin wani.

Litinin, bayan azahar

Shida.

Mai Shara ta zagayo, ta ga biyar, ta duba fayil ta ga shida, ta mayar. Na sani. Ni na koya wa rabin ofishin nan cewa haka take yi. Amma wai sai na zauna ina kallon allon kamar an mare ni.

Na sake sa biyar.

Litinin, dab da tashi

Shida. Ko tsaki ba ta yi.

Talata, da safe

Biyar. Shida. Biyar. Shida.

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ban taɓa ganin abu mai haƙuri irin nata ba. Ba ta fushi, ba ta gajiya, ba ta tambayar wa ya yi. Ta zo, ta ɗauke abin da ba a wurinsa yake ba, ta mayar, ta tafi. Da can wannan halin ne ke sa ni barci da daɗi, na san ko wani ya yi ɓarna za ta gyara kafin gari ya waye. Yau ni ce mai ɓarnar. Ba ta san ni ba, ba ta san gidanmu ba, abin da aka rubuta a fili kawai ta sani. Ina jin haushinta, kuma ina jin kwarjininta, duk a lokaci guda.

Ina iya kashe ta a tashar gada. Minti ɗaya ne. Amma in na kashe ta, saba ta samu matsala ranar ruwa, ba mai tashinta. Ban kai nan ba tukuna.

Laraba, bayan la'asar

Na ce to, in Baba ba zai tashi ba, bari a ɗaga kaya. Na ɗora keken ɗinkin Umma kan tebur, na tattara takalmanta da akwatin zannuwa na kai saman kabad. Baba na tsaye a bakin ƙofa yana kallona. Ina juyawa in ɗauko tsintsiya, na ji ƙarar keken, yana jan sa shi kaɗai, da bayan nan nasa, yana mayar da shi gindin taga.

Ya ce, "A nan take son sa. Hasken ya fi."

Sai na faɗi abin da ba a faɗa a gidan nan. Da ƙarfi na faɗa, har Mai shago ya leƙo. Ba zan rubuta shi ba.

Baba ya nufi kabad. Ya sauko da takalman, ya jera su a bakin gado, hancinsu na kallon ƙofa. Sannan ya duba ko wayar ta cika, ya zare cajar, ya goge fuskarta da hannun rigarsa.

Na yi kuka a mota har maigidana ya tsaya gefen hanya.

Alhamis, da hantsi

Na manta Mai Shara tana ba da rahoton duk abin da ta gyara. Ni! Na manta.

Dogo ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya juyo mini da allonsa. Layi a jere, duk tashar gada, duk da sunana.

Ya ce, "Malama, ko dai aljani ya shiga gada, ko kuma wata da ta taɓa cewa za ta karya mini yatsa in na taɓa saba da hannu."

Na ce ya kai ni ƙara in zai kai.

Ya daina dariya. Ya ce, "Ba ƙara na zo kaiwa ba. Kokawa kike da abin da ba ya gajiya, ke kuwa ga idonki nan. In biyar ce gaskiya, ki shigar da ita ta ƙofar gaba mana. Mai Shara da kanta za ta tsare miki ita."

Na ce ba zan iya tsayawa a taro ba.

Ya ce, "Zan tsaya kusa da ke. Ina da tsawo, ki ɓuya."

Juma'a, bayan taron safe

Na faɗa. Na faɗi titi, na faɗi kwano, na faɗi abin da na yi da hannu. Sannan na ce mahaifina yana can shi kaɗai, ba zai bar ɗakin ba sai in layin gaba ɗaya ya tashi ya tafi da shi.

Injiniya ta cire tabarau. Ta ce, "Gidan da muka je miki gaisuwa?"

Na ce shi.

Ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Na tuna sai da muka gangara kafin mu kai ƙofar." Sannan ta mayar da tabarau, ta koma Injiniyar da na sani. Ta ce, "Ba ma rubuta sharaɗi don gidan mutum ɗaya, ko gidana ne. Ku kawo taswira. Su wa da wa titin nan ya rufe?"

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Akwai wasu tashoshi biyu a ƙasa da gada, su ma unguwanninsu bayan titin suke. Ni idona a rufin gida ɗaya yake, ban ko leƙa su ba. Kunya ta kama ni.

Ta kira masu auna ƙasa, ta sa suka ba ta tsayin unguwannin a tsaye, ba ta ko zauna ba. Suka ce biyar ma an yi sassauci. Ta ce, "In muka tashi mutane ruwa bai zo ba, ni za a zaga. Na ɗauka. Ki rubuta."

Na buɗe sabon gurbi, na sa masa suna bayan titi. Na cike shi a tashoshin nan uku. Na rubuta: idan tasha tana bayan titi, jan layinta biyar, in ba haka ba, shida. Dogo ya duba, ya ce na bar tazara a inda bai kamata ba, don dai ya samu abin faɗa.

Juma'a, bayan la'asar

Biyar.

Ta zagayo, ta duba, ta bar ta. Ta sake zagayowa, ta bar ta. Don in gani da idona, a gaban Dogo, na shiga na sa shida da hannu. Ta zo ta mayar biyar.

Na kifa kaina a tebur. Wadda na kwana biyu ina dambe da ita, yau ita ce ke gadin gidanmu, da irin haƙurin nan nata, kuma har yanzu ba ta san gidan ba.

Asabar, da yamma

Na je in ba Baba haƙuri. Ya karɓi hannuna ya ce, "Me kika yi?" Muka sha shayi. Jakar na nan a ninke.

Shagon Mai shago a rufe, da kwaɗo. Matarsa ta matsa, sun tafi wajen danginta tun safe. Rabin layin ya watse, waɗanda suka rage tsofaffi ne da masu haya da ba su san Baba ba.

Sai yanzu na yi lissafin da ya kamata in yi tuntuni. Wayar Baba a kashe take, kuma bai taɓa ba da lambarsa ba, ba ya shiga irin waɗannan harkokin. Na roƙe shi ya kunna. Ya ce to. Na san wannan to ɗin.

Duk wannan faɗan, saƙon zai zo ya cika layi da ƙara, ya wuce ƙofarsa.

Lahadi, da azahar

An yi ruwa a duwatsu. Tashoshin sama suna hawa ɗaya bayan ɗaya, ina kallon ruwan yana saukowa a allo tun kafin ya iso. Gada na gab da biyar.

Na kira wayar Baba. A kashe.

Litinin, da la'asar, a gidana

Bari in rubuta tun hannuna bai manta ba.

Da hantsi ya kai biyar. Ina zaune na ga tashar gada ta koma ja, na ga saƙonni suna fita kamar an buɗe wa tsuntsaye keji. Injiniya ta dube ni ta ce, "Me kike jira? Tafi."

Maigidana ya ɗauko ni, amma mota ba ta shiga, mutane sun cika hanya da katifu da awaki da yara. Na bar maigidana a ciki na yi ta gudu, takalmi ɗaya a hannu. Ina hawa sabon titi na hango ruwa ya fara malalowa ta ƙarshen layinmu, siriri, yana sheƙi, kamar ba shi ne na ƙarƙashin gada ba. Na tsara a raina yadda zan ja shi, da abin da zan ce, da wanda zan roƙa ya kama mini.

Sai na gan shi. A saman titi, zaune a kan jakar, ya sa hularsa ta fita, takalman Umma a cinyarsa. Ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba.

Na durƙusa a gabansa ina haki. Na ce, "Baba, wa ya fito da kai?"

Ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Ina shara na ji ƙara daga ɗakinta. Tun ranar nan ba ta yi ƙara ba. Uwata, tsintsiyar faɗuwa ta yi."

Na karɓa. Jimlata ce, wadda na rubuta da hannuna, na karanta ta ya fi a ƙirga. Amma ban taɓa ganinta da wannan sunan a gurbin ba. Sunan Umma, cikakke. Ruwa na zuwa. Ki fita yanzu da mutanen gidanki.

Ita ta ba da lambarta tun farkon aikin, don ta faranta mini. Na manta. Sharaɗin Dogo ya zo kanta, ya tambaya ko wayar nan tana kunne cikin makon nan. Tana kunne. Kowace safiya Baba na ba da amsar, bai san ana tambaya ba.

Na ce, "Baba, na'ura ce. Ni na rubuta."

Ya ce, "Na sani, ai ban haukace ba." Ya karɓi wayar ya sake kallo. "Amma an ce ta fita da mutanen gidanta. Wa ya rage mata in ba ni ba? Ba zan sa a ce an aike ta ba ta yi ba."

Talata, da safe

Ruwa ya kai tagar ɗakin Umma tun jiya da yamma. A gada kuwa sai yau ya taɓa shida.

Keken ɗinkin yana can gindin taga. Ba wanda ya ambace shi.

Baba ya kwana a ɗakin da aka gyara masa. Da na kai masa shayi na tarar ya jera takalman a bakin gado, hancinsu na kallon ƙofa. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki da caja a hannu, yana bin bango da ido.

Ya ce, "Uwata, ina soket ɗinku yake?"

Na janye kabad na nuna masa.